Albarushi a Gindin Randa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun ɗazu ina jin ku, kuna nuna wa juna mutumin da ya yi tsalle da bindiga hayaƙi ya tashi ƙarƙashin ƙafarsa, har wani cikinku yana cewa ai wannan ba wani abu ba ne, a zuba baƙin gari, a danna, a ja kunama. To sannu gwani. Ni shekara talatin da 'yan kai na yi ina zaɓar wannan baƙin garin, kuma har na bari ban ce na gama saninsa ba. Mai tsallen shi ake yi wa guɗa, amma ƙafarsa da mutuncinsa suna hannun wani mutum da ba ya fitowa a hoto, wanda ya zaɓi barud ɗin. Barud, wato albarushi, tunda ku Hausarku sai an yi mata tafinta.

Wasan nan sunansa ta'ashir, na Larabawan ƙasar nan ne, ana yin sa a biki. Babu harsashi a ciki ko ɗaya. Dangin ango su yi layi, dangin amarya su yi layi, ana kiɗa. Mutum ya fito tsakiya da tsohuwar bindiga irin wadda ake ɗurawa ta baki, kamar adakar maharbanmu na gida, ya juya ta, ya yi tsalle, ya nufi ƙasa da bakinta, ya harba daidai lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa. In albarushi ya yi kyau, ƙara ɗaya za ka ji, hayaƙi ya bazu a ƙarƙashinsa ya sauko a tsakiya. In bai yi kyau ba, ko bindiga ta yi shiru ya sauko kamar buhu mutane na dariya, ko ta makara ta tashi bayan ya dira, ta gasa masa ƙafa. Kuma ana lura. Kowane ɓangare ya san bindiga nawa ta amsa, nawa ta ƙi, a yi shekara ana yi wa waɗanda aka kayar gori.

Ni da ruwa na fara, ba da wuta ba. Mun zo aikin Hajji da mahaifina ta hanyar Sudan, Nijeriya ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Shi maharbi ne daga kudancin Kano. Allah Ya karɓi abinSa bayan mun sauko daga Arfa, ni kuma ba takarda, ba guzurin komawa, na samu wurin kwana a unguwar Nakkasa cikin Makka, na ɗauki garwa biyu da sanda ina sayar da ruwa. Cikin gidajen da nake kai wa akwai shagon Mu'allim Bakur a bakin unguwar Rusaifa, lokacin wajen duk fili ne da awaki. Shi jikan Hausawa ne, nan aka haife shi, Hausarsa guntu-guntu ce sai zagi da yake fita lafiya lau. Gyaran bindigogin wasa yake yi, yana kuma zaɓar wa masu biki albarushi. Wata rana na juye ruwa a randa, na ga yana shirin sayen wani albarushi hannun wani Balarabe, bakina ya suɓuce na ce wannan gawayi ya yi masa yawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce mai ruwa me ya sani game da wuta. Na ce a murza a tafin hannu a gani. Ya murza, hannu ya yi baƙi ƙirin. Ya sallami Balaraben, ya ce gobe in zo ba garwa.

Kada ku ɗauka washegari ya miƙo mini mudu. Shekara biyu cur wankin bututun bindiga nake yi. A kawo bindiga bayan biki cikinta ya yi kauri da toka, in tafasa ruwa, in zuba, in ɗaura tsumma a kan sandar ƙarfe in yi ta zurawa har ruwan ya fito fari, sannan in shanya, in shafa mai. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kama ni har mutanen ɗakinmu suka ce in riƙa kwana a bakin ƙofa. In na gama sai Mu'allim ya ɗaga bututun sama ya leƙa rana ta ciki, ya ce, "Sake, ya walad." Wato yaro, ni da gemuna.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Akwai zarto da magagari da matsi na gyaran ƙarfe, su suna gaban shago. Albarushi kuwa yana ɗaki na baya, kuma ƙarfe ba ya shiga ɗakin nan. Cokalin ƙaho, rariyar gashi, faranti na katako, sai mudu. Mudun ɗan ƙarami ne na tagulla, bai fi babban yatsa ba, Mu'allim ya gaje shi wurin ubansa, yana rataye a wuyansa da igiya. Takalmi mai ƙusa ba ya tsallaka ƙofar. Mai shan taba kuwa ko da ɗan wane ne, can gindin bishiya zai tsaya a yi magana da shi da ƙarfi. Na taɓa shiga da mabuɗi a aljihu, ranar na ji duk Hausar da Mu'allim ya iya.

Mu ba ma daka albarushi. Masu dakawa daban suke, can ƙauyuka, su kawo a jaki cikin salka busasshiya. Aikinmu zaɓe. Za ka fara da kunne, ka tsiyaya shi a farantin katako, mai kyau yana zuba kamar gero, marar kyau shiru yake sauka kamar gari. Ka murza a tafi, kada ya bar baƙi. Sannan ka fita fili nesa da ɗaki, ka ɗora ɗan mitsitsi a farar takarda, ka taɓa masa garwashi da dogon kara. Na ƙwarai "fuf" zai yi sau ɗaya ya bar takarda fes. Na banza ya yi ta tartsatsi, ya huda takarda, ya bar ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Iri uku ne ke zuwa mana. Akwai mai laushi kamar tsaki, shi mutanen Makka ke so, don ƙararsa "tas" take, mai tsini. Akwai matsakaici. Sai wani mai manyan ƙwayoyi masu sheƙi da wani tsoho ke kawowa daga kudu, ƙararsa "dum" take daga ciki. Shi ba mai sayensa, cewa suke yi albarushin ƙauyawa ne.

Masu zuwa shagon kuwa, kowa malami ne. Mutum ya kawo bindigar kakansa da tsatsa ta cinye, ya rantse maka jiya-jiya aka harba ta. Wani ya ce a ƙara masa mudu don ya fi surukinsa ƙara. Mu'allim ba ya musu da kowa. Sai ya ce, "Mudu ɗaya. In kana son biyu, je ka inda ake sayar da ƙafa." A haka sunansa ya kai ko'ina, har ya zama duk bikin da za a fita kwari a yi wasa, sai an ce ai barud ɗin na Bakur ne.

Sai shekarar jan gwangwani ta zo. Wasu suka fara shigo da wani albarushin Turawa daga Jidda a ɓoye, cikin jan gwangwani, irin na harsashin zamani, marar hayaƙi. Samari suka ruɗe da shi. Mu'allim ya ce wannan ba abincin tsohuwar bindiga ba ne, ya fi ƙarfin cikinta, kuma ba ya shiga shagonsa. A cikin masu zuwa wurinmu akwai wani saurayi, Mansur, wanda duk Makka ba wanda ya kai shi tsalle. Ya kawo bindigarsa muka canja mata kunama, ni na wanke bututun da hannuna. Kwana uku tsakani aka yi biki, ya yi tsalle, bututu ya tsage kamar kara. Yatsu biyu na hannun hagu suka tafi.

Aka kawo mana bindigar a tsumma. Mu'allim ya kai hancinsa bakin tsagar, ya miƙo mini, na shinshina. Ba wari, ba toka, ciki fes. Namu albarushin ko ɗan mitsitsi ka ƙona sai ya bar shaida. Muka dubi juna, kowa ya san abin da aka ɗura. Amma a gari maganar da ta bazu ita ce gyaran Bakur ne ya ci hannun Mansur. Na ce Mu'allim mu faɗa mana. Ya ce a'a. In muka faɗa, hukuma za ta shigo, a tambayi yaro inda ya samu gwangwanin, ga ba yatsu ga kurkuku. Ni kuma da ba ni da iƙama, takardar zama, in na buɗe baki gaban askari, wato ɗan sanda, ni za a fara sa wa a jirgin ruwa. Wallahi na ji haushin mutumin nan, na kwana uku ba na yi masa magana sai gaisuwa. Shi kuwa Mansur bai gaya wa kowa abin da ya ɗura ba.

Shekara ɗaya da rabi ba bindigar da ta tsallaka ƙofarmu. Muka koma gyaran risho da kwaɗon ƙofa da butar shayi. Lokacin Hajji na tafi Arfa wankin tukwane da kafa tanti. Idon Mu'allim ya fara yana, ya zama sai ya kawo abu dab da hancinsa yake gani. In ya bi ta kasuwa waɗanda da suke tashi su ba shi wuri sai su dubi wani gefe. Ya fara maganar rufe shagon bayan Maulidi.

Ana cikin haka wata safiya sai ga Shaikh Hamid, baffan Mansur, babban gidansu, mutum mai tumbi da saurin fushi. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Ƙanen Mansur zai yi aure, amarya 'yar mutanen dutse ce, can sama wajen Ɗa'if, kuma dole dangin ango su hau su yi wasa a ƙauyen amarya. Bindiga goma sha biyu ya kawo, a gyara, a zaɓa musu albarushi. Ya ce shi da son ransa ne ba zai tako nan ba, an dai matsa masa a gida, bai ce wa ya matsa ba. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Ya Bakur, in bindiga ɗaya ta kunyata ni a gaban surukaina, ni da kaina zan sa a rufe wurin nan."

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, mutanen Makka ba su taɓa hawa dutsen nan sun dawo da mutuncinsu ba. Bindigar da take tashi lafiya lau a kwari, da an hau sama sai ta fara tari. Har waƙa mutanen dutse suke yi, wai bindigar Makka mura take yi. Namu kuma su ce baki ne, su ce ido ne, wasu su ce iskar sama ce ba ta da ƙarfi. Da Shaikh Hamid ya tafi, Mu'allim ya ce shi idonsa ba ya rabe ƙwaya da ƙwaya yanzu, ni zan zaɓa. Na san ko dai in dawo wa mutumin nan da sunansa, ko in ƙarasa binne shi.

Kwana huɗu ina gwaji. Duka iri ukun suna tashi fes a kan takarda, ba wanda ya nuna aibu, to ta ina zan san wanda zai yi tari a sama? Rana ta biyar wani direba da ke sauko da rumman da inabi daga dutse ya tsaya a gyara masa risho. Ya zaro ashana zai gwada, ya ƙyasta ɗaya kan ya murmushe, ya ƙyasta biyu haka. Ya yi tsaki ya ce kullum haka take in ta kwana a sama, sai ta sha ranar Makka take dawowa hayyacinta. Na karɓi kwalin na taɓa, lumus. Na je na shafa tamfol ɗin motarsa, ƙasan ninkin da danshi. Na tambaye shi ruwa aka yi? Ya ce ba ruwa, gajimare ne kawai yake saukowa bayan la'asar ya shiga har cikin ɗaki.

Sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Da damina a garinmu ba ya taɓa fita da albarushin da bai gwada a gindin randa ba, kuma goran da yake zubawa bakinsa da kakin zuma yake liƙewa, ya rataya ta cikin riga. Ku da aka haifa a garin da in ka shanya riga kafin ka gama alwala ta bushe, ina za ku san wannan? Mutumin Makka bai san laima ba. A jakar ƙyalle yake zuba albarushinsa, ya rataya a kafaɗa, iska na shiga tana fita, haka ubansa ya yi haka kakansa. Ba baki ba ne, ba ido ba ne, albarushinsu ne yake shan ruwa.

Bayan azahar na ɗebi iri ukun, kowanne a takardarsa, na jera a gindin randar da nake cikawa a da, na kifa musu kwando, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Mu'allim yana tambaya ko na koma sana'ar ruwa ne. Da aka yi la'asar na fitar da su fili. Mai laushin nan da kowa ke so ya dunƙule, na taɓa masa wuta ya yi "fisss" yana jan ƙafa ya huda takarda. Matsakaicin ya yi tartsatsi. Na zo kan mai manyan ƙwayoyin nan na tsohon kudu, na taɓa. "Fuf." Na ɗauki takardar na kai wa Mu'allim, ya kawo ta dab da hancinsa, ya juya gaba ya juya baya, ya shafa da yatsa. Fara sol. Sau uku na maimaita a kwana uku, don sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk sau ukun amsa ɗaya ce.

Da Shaikh Hamid ya zo ya ga abin da na zaɓa, sai da maƙwabta suka leƙo. Ya ce wannan abincin kaji ne, ya ce za a hau dutse da albarushin ƙauyawa a yi wa ƙauyawa wasa, ya ce tun yaushe mai ruwa ya zama mai zaɓe. Na yi masa bayanin randa, ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Mu'allim bai ɗaga murya ba, ya ce wanda ya zaɓa ya zaɓa, in ba a so ga bindigogin nan a kwashe. Lokaci ya ƙure, ba inda zai kai su, ya fita yana ƙunƙuni.

Na auna kowane ɗuri da mudun Mu'allim, yana wuyansa ina sunkuyawa ina aunawa, na naɗe kowanne a takarda, na jera a gwangwanayen madara, na liƙe murfin da kaki. Ranar biki muka hau a bayan babbar mota ta sabuwar hanyar nan mai lanƙwasa, ni ina rungume da kwandon gwangwanaye, ina addu'a kada a tsayar da mu a tambayi takarda. Mu'allim bai je ba. Mansur yana cikin motar, can lungu, hannunsa cikin riga, bai dube ni ba ban dube shi ba.

Muka isa da rana tsaka, gari garau. Namu suka fara yi mini dariya, ina laimar taka, ya Ishaƙ? Aka ci shinkafa da nama, aka yi la'asar, aka fito fili aka fara kiɗa. Sai na ga abin yana tahowa daga bakin kwazazzabo, fari, a hankali, yana haɗiye bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama jera layi gemun kowa ya yi raɓa. Mutanen dutse suka fara murmushi, sun san abokin faɗansu ya iso.

Su suka fara. Mutum uku suka fito bi da bi, kowace ta amsa, mata suka rangaɗa guɗa. Na lura daga ƙaho mai murfi suke zubawa, kowa ya ciro daga ƙirjinsa. Sai aka ce dangin ango. Al'ada babba ke buɗewa, Shaikh Hamid ya fito. Na miƙa masa ɗuri, ya ture hannuna ya ce tasa a ɗure take. Ashe mutumin nan ya taho da nasa mai laushin a jakar ƙyalle, tun rana yana rataye a kafaɗarsa. Ya juya bindiga, ya ɗaga tumbin nan da ƙyar, ya ja kunama. "Ƙyas." Ya dira. Sai can bindiga ta yi "fusss", wani ɗan hayaƙi ya fito kamar na tabar tsohuwa. Fili ya ɗauki dariya, masu kiɗa suka juya zuwa waƙar mura. Namu suka juyo gaba ɗaya suna hararata, wani har ya ce, ga aikin Bakur nan kuma.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba, da Larabcina na masu ruwa. Na ce wannan ba daga hannuna ya fito ba, a duba jakarsa, ga nawa nan a liƙe ko ɗaya ba a taɓa ba. Amma wa zai fito? Kowa ya noƙe, ba mai son ya zama na biyu a waƙa. Kiɗa na tafiya, tsakiyar fili ba kowa, kuma in aka daɗe a haka an kayar da mu ke nan.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Mansur ne. Tun ranar da abin ya same shi bai sake taɓa bindiga ba. Ya fito da hannun nan mai yatsu uku a fili, ya ce, "Ɗura mini, ya Ishaƙ. Naka."

Na fasa kaki, na ɗura, na danna, na miƙa masa. Ya shiga tsakiya. Dariya ta tsaya, don kowa ya ga hannun. Ya zagaya sau ɗaya, ya jefa bindiga sama ya cafe, ya durƙusa, ya tashi sama kamar an cilla shi. "Dum!" Ƙasa ta amsa a tafin ƙafata, dutsen da ke gabanmu ya dawo da ƙarar, na bayansa ma ya dawo da ita. Hayaƙin kuwa, saboda laima, bai tashi ba, ya kwanta ya yi zobe fari a ƙasa, Mansur ya sauko a tsakiyarsa. Matan dutse da kansu suka yi masa guɗa.

Daga nan sai rububi. Kowa na miƙo bindiga, ni ina fasa gwangwani ɗaya-ɗaya, ba na buɗe na gaba sai na baya ya ƙare. Angon ya yi, 'yan'uwansa suka yi, aka zagayo aka sake zagayowa. Ko ɗaya ba ta yi tari ba. Can wajen zagaye na huɗu ma sai ga ta wani ɗan dutse ta yi shiru, ƙahonsa ya daɗe a buɗe. Namu suka ɗauki waƙar murar nan suka mayar musu da ita, har Shaikh Hamid yana tafi. Ya matso kusa da ni ba tare da ya dube ni ba, ya miƙo bindigarsa ta gefe. Na wanke masa ita tukuna, na bar shi ya ɗan jira, sannan na ɗura. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa a sana'a ba. Da aka tashi, wani dattijon dutse ya zo ya murza ƙwayar albarushina a tafinsa, ya tambaye ni a wane dutse aka haife ni. Na ce ba dutse, ƙasar damina ce.

Washegari da hantsi labari ya riga mu isa Rusaifa. Shago ya cika, har da waɗanda suke kau da kai a kasuwa, kowa na cewa shi dama ya san Bakur. Ana shan shayi sai ga Mansur ya shigo da abu a naɗe cikin mayafi. Ya kwance, ya ajiye a kan teburin aiki gaban kowa. Jan gwangwani, wayam.

"Wannan ne ya ci yatsuna," in ji shi. "Ni na saya, ni na ɗura. Mu'allim ya sani tun ranar, ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi da kunyata."

Nan muka ji ashe shi ne ya matsa wa baffansa a kawo mana aikin. Mu'allim ya laluba ya ɗauki gwangwanin, ya girgiza, ya ce madalla, dama yana neman inda zai zuba ƙusoshi. Sannan ya ciro igiyar nan daga wuyansa, ya ce in matso, ya rataya mini mudun, ya ce ya gaji da ganin ƙaton mutum yana sunkuyawa a ƙirjinsa.

Bayan nan duk wanda zai hau dutse sai ya biyo ta wurinmu, kuma ba wanda ya sake yi wa randa dariya. Har na rufe shagon tana nan a ƙofar ɗakin baya, da kwandonta da buhunta. Kai mai cewa ba wani abu ba ne, zo nan. Ga mudun, karɓi, ai ba ya cizo. Ka ga yadda bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya? Babban yatsan mutum uku ne ya yi wannan, kuma ba wanda ya ƙone a hannun ko ɗayanmu.